Fuloti a Kano, Gida a Yamai ko Ɗaki a Dubai: Abin da Mai Saye Zai Auna

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi yana son ya zuba su a ƙasa, tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce da wane kuɗi zai saya, da wane kuma haya za ta riƙa shigo masa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500, don haka wanda gidansa ya ninka kuɗi a wannan tsakanin, idan ya auna da dala, asara ya yi, ko da dillali yana ta yi masa barka.

Hanyoyin biya ba su da yawa. Rancen bankin kasuwanci shi ne mafi tsada, domin kuɗin ruwansa ya wuce kashi 25 cikin ɗari lokacin da Babban Banki ya ɗaga ma'auninsa zuwa 27.5 a ƙarshen 2024. A ce gida ya ci naira miliyan 40, 'yan haya suna biyan miliyan 2 a shekara. Ribar kashi 5 ke nan, tun ba a cire la'ada da gyaran rufi da yashe masai da watannin da gidan zai zauna babu kowa ba. Wanda ya ci wannan bashi ya sayi gidan haya, banki yake yi wa aiki. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashinsa zuwa asusun gidaje na NHF yana da hanya mai sauƙi, wato rancen Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6 har tsawon shekara 30, sai dai an tanade shi ne don gidan da mutum zai zauna, kuma yana buƙatar haƙuri da cikakkun takardu. Masu gudun riba kan nufi Jaiz ko TAJBank ko Lotus, inda banki zai sayi gidan ya sayar musu da ƙari sananne, ko su yi tarayya mai saye ya riƙa fansar kason bankin a hankali. Wannan ya warware matsalar shari'a, amma kada a ɗauka araha ce. A nemi jimillar abin da za a biya a rubuce kafin a sa hannu.

A gida Nijeriya, takarda ce ke raba fuloti da fuloti. Dokar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ba ta cika sai da amincewar gwamnan. Awon igiya ya fi awon gwamnati araha nesa ba kusa ba, yana kuma saurin tashi idan gari ya cim masa, amma takardar mai unguwa da sa hannun shaidu uku ba sa tare katafila ranar da aka zo fitar da titi. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba filin da ya biya rabin kuɗinsa a bayan gari, muka tarar da tulin yashi da bulo kusan ɗari biyu a tsakiyarsa. Ashe ɗaya daga cikin magada ya riga ya sayar wa wani. A ganina, kuɗin binciken fayil a KANGIS ko KADGIS ko AGIS, wato ofisoshin rajistar filaye na Kano da Kaduna da Abuja, shi ne mafi albarka a duk cinikin.

Maraɗi da Yamai suna jan hankalin 'yan kasuwarmu saboda sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ga harshe ɗaya ga dangi. Amma can tsarin Faransa ake bi: takardar rabon fuloti ta magajin gari daban, cikakkiyar shaidar mallaka da ake kira titre foncier daban, kuma cinikin da ba a ƙulla shi a gaban notaire ba, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, yana da rauni. A kuma tuna cewa iyaka ta yi watanni a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka wanda ba shi da amintaccen wakili a can zai iya wayar gari gidansa ya yi masa nisa. A Gana kuwa magana a taƙaice take, domin tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba.

Dubai ta fi kowanne tsabtar rajista, tun 2002 baƙi ke mallakar gida a unguwannin da aka ware, dirhami kuma yana ɗaure da dala. Mai saye zai biya kashi 4 na rajista, sannan kuɗin hidimar bene duk shekara, ko da mai haya ko babu. Haɗarin ya fi yawa ga mai samun naira da ya karɓi ɗaki tun yana kan zane, a kan zai riƙa biya kashi-kashi: alkawarin da dirhami aka rubuta shi, kuma kowane zubi sai ya koma wurin 'yan canji na Wapa a Kano ya ji yadda kasuwa ta kwana.