Gidan Wasan Globe a Makon Makokin Sarauniya

Duk ɗan'uwan da ya zo Landan ya ce in nuna masa inda zai kashe kuɗi kaɗan ya ga abu mai yawa, Shakespeare's Globe nake tura shi, gidan wasan kwaikwayon nan mai rufin ciyawa da ke bakin kogin Thames, kusa da gidan nuna zane-zane na Tate Modern. Na daɗe ina son gidan, amma zuwan da ya sa na yarda da shi har zuciya shi ne na watan Satumban 2022, makon da aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu jama'a suna zuwa ban kwana.

Lokacin kawuna yana wurina, ya zo ganin likita a kan ciwon gwiwa. Tsohon malamin makaranta ne, kuma yana yaro aka kai su Kaduna kallon hawan daba da aka yi wa Sarauniyar a 1956, zamanin Sardauna yana Firimiya. Har yau in ya fara labarin dawakin da lifidi da 'yan kwalkwali sai dare ya yi bai gama ba. Da labarin rasuwarta ya fito ranar Alhamis 8 ga Satumba, cewa ta cika a Balmoral ta Sikotland tana da shekara 96 bayan shekara 70 a kan gadon sarauta, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yana so ya ga yadda Turawa suke makokin sarki.

An kawo akwatin gawar Westminster Hall, tsohon zauren da ke ginin majalisar dokoki, ranar Laraba 14 ga wata, aka buɗe wa jama'a dare da rana har ƙarfe shida da rabi na safiyar Litinin 19, ranar jana'iza. Layin masu shiga ya taso tun daga Southwark Park, ya biyo gaɓar kogi ta kudu, ya wuce Tower Bridge da London Bridge, ya tsallaka gadar Lambeth. Ranar Juma'a sai da aka dakatar da shiga layin saboda wurin ya cika, aka riƙa gargaɗin cewa jira zai iya wuce awa 24. Daga baya gwamnati ta ce kimanin mutum 250,000 ne suka wuce ta gaban akwatin. Gwiwar Kawu ba za ta ɗauki wannan ba, kowa ya sani. Sai na tuna layin yana bi ta ƙofar Globe daidai. Na sayi tikitin wasan rana na kujera guda biyu, na ce mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Da na gaya masa, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, gawa na ajiye ba a rufe ta ba, a ce ana wasa?" Na ce, "Kawu, ku dai zo ku gani." Tambayarsa ba ta banza ba ce, su ma Turawan sun yi ta gardama a kanta. An ɗage wasannin ƙwallon Firimiya na ƙarshen makon da ta rasu, an soke daren ƙarshe na bikin kiɗan Proms. Amma gwamnati ta ce ba dole ba ne a rufe wuraren taruwa, ƙungiyar gidajen wasan Landan kuma ta zaɓi a ci gaba da wasa, sai dai a riƙa rage fitilun ƙofar gida na minti biyu da ƙarfe bakwai na yamma, a yi shiru na minti ɗaya, a buɗe littafin ta'aziyya. Ranar jana'izar ce kawai yawancinsu suka rufe.

Mun sauka a tashar Blackfriars muka taka a hankali ta bakin ruwa. Tun kafin mu hango rufin ciyawar muka tarar da layin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin hayaniya. Dubban mutane, amma sai takun ƙafa da magana ƙasa-ƙasa. Kowa da zare mai launi da lamba a wuyan hannu, shi ne shaidar gurbinsa, in ya fita biyan buƙata ya dawo ba mai yi masa gardama. Wani dattijo sanye da baƙar kwat, lambobin soja jere a ƙirji, yana dogara sanda, wata yarinya da alama jikarsa ce tana riƙe masa fulas ɗin shayi. Wata mata ta yafa bargo a kafaɗa, takalminta a hannu, tana tafiya da safa kawai. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon dattijon nan. Ya ce, "Wannan tsarana ne, ko ya girme ni."

A nan ne gidan ya burge ni. Globe na cikin gidajen da suka buɗe ƙofa ga masu layi a kwanakin nan, tare da National Theatre da Southbank Centre, domin mutane su shiga banɗaki, su sami abin sha mai zafi, su ɗan huta. Ba a tambayar tikiti. Na ga ma'aikaciya tana nuna wa wata tsohuwa hanya, ta riƙe mata ƙofa, ta jira har ta wuce. Mai tikitin wasa da mai zaren layi duk fuska ɗaya ake yi musu. Abin ya yi mini kama da yadda maƙwabci yake yi a gida in an yi rasuwa a layinsu: ba gidansa aka yi ba, amma zai buɗe zaurensa, ya shimfiɗa tabarmi, ya cika butoci, ba wanda ya roƙe shi. Kawu da kansa ya ce, "To, waɗannan sun san haƙƙin maƙwabtaka."

Ginin kansa abin kallo ne ko ba a yi wasa ba. Kwaikwayon tsohon Globe ne na 1599, wanda kamfanin su Shakespeare ya gina, ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa ana cikin wasa wuta ta kama rufi. An sake gina shi a shekara mai biyowa, aka rufe shi a 1642. Na yanzu wani ɗan wasa Ba'amurke, Sam Wanamaker, ne ya ɗauki shekaru yana fafutukar gina shi, ya rasu a 1993 bai ga kammaluwarsa ba. Sarauniyar da ake makoki ita ce ta buɗe shi a watan Yunin 1997, wato gidan ma yana da nasa rabon ta'aziyyar. Katakon itacen oak ne aka harhaɗa da turakun katako, bango farin shafe, rufin ciyawa kuwa shi ne na farko da aka yarda a yi a Landan tun babbar gobarar 1666. Kewaye yake, benaye uku na zama, tsakiya fili ne buɗe, sararin sama a kanka. Dandamalin ya kutso har tsakiyar filin, manyan ginshiƙai biyu na riƙe da rumfarsa.

Filin nan na tsakiya shi ne na masu tsayuwa, yana ɗaukar mutum wajen 700, kuma a lokacin fam biyar ne tikitinsa. A garin da kujera a manyan gidajen wasan unguwar West End kan kai fam ɗari, wannan kyauta ce. Mai ƙarfin ƙafa can ya fi masa, domin zai iya jingina da bakin dandamali, 'yan wasa suna ratsawa ta gefensa, wani lokaci ma su tsokane shi. Amma tsayuwa ce ta kusan awa uku, ba a zama a ƙasa, ba a buɗe lema, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya wasa ba ya tsayawa. Mu a benen ƙasa muka zauna. Bencin katako ne zalla, sai ka yi hayar matashi, kuma ina ba kowa shawara ya yi. Na zaɓi layin ƙarshe saboda Kawu ya sami bangon jingina.

Wasan ranar Much Ado About Nothing ne, na barkwanci: wasu biyu da ke ta zolayar juna da baƙar magana alhali so ne a ƙasa, da wata amarya da aka yi wa ƙazafi ranar ɗaurin aurenta. Turancin na shekara ɗari huɗu ne, ko 'yan ƙasa ba kowace kalma suke kamawa ba. Na ba Kawu labarin a taƙaice muna cikin jirgin ƙasa, kuma hakan ya wadatar, domin 'yan wasan Globe da jiki da fuska suke magana. Ba a kashe fitila a bar 'yan kallo cikin duhu. Hasken rana ɗaya ne a kan kowa, suna ganinka kana ganinsu, in jirgin sama ya gitta sai ɗan wasa ya ɗaga kai ya jira shi, jama'a su kwashe da dariya. Da farko dariyar ranar a takure take, kamar kowa na satar kallon na kusa da shi ya ga ko ya halatta. Ba a jima ba ta sake.

Akwai wuri guda da ba zan manta ba. Bayan ƙazafin, sai dangin amaryar suka ce ta mutu, don gaskiya ta fito. Angon da ya tozarta ta ya zo kabarin da yake zaton nata ne, cikin nadama, ana waƙar makoki. Mu 'yan kallo mun san tana raye. A wata rana daban wannan fitowa ce da ake jira ta wuce a koma dariya. Ranar nan kuwa gidan ya yi tsit, ko tari babu. Bayan bangon da muke jingine, mutane ne ke jan ƙafa zuwa ga gawa ta gaske, kuma kowa a cikin gidan ya ratso ta cikinsu kafin ya shigo. Matar da ke gabanmu, sanye da baƙaƙen kaya, ta ciro hankici. Kawu ya cire tabarau ya riƙe a hannu har aka gama fitowar.

A ƙarshe, kamar yadda al'adar gidan take tun zamanin da, 'yan wasa suka rufe da rawa da kiɗa. A nan ne muka saɓa da Kawu. Ya ce wasan ya yi kyau, buɗe ƙofar ya fi kyau, amma da shi ne mai gidan da ya ajiye kiɗan ƙarshen har a rufe gawa. Ya tuna mini rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014, bayan shekara 50 da ɗoriya yana sarauta, yadda aka sallace shi aka binne shi a gidan Nassarawa a ranar, gari ya yi sanyi, ba wanda ya sa a yi shiru amma aka yi.

Ina girmama maganarsa, amma ni ina ganin gidan bai yi laifi ba. Mu muna binnewa a ranar, nauyin makoki ya taru a kwana uku, sannan bakwai, sannan arba'in. Su kuwa kwana goma sha ɗaya ne tsakanin rasuwa da jana'iza. A ce masu share fili, masu karɓar tikiti, makaɗa da 'yan wasa su zauna ba aiki tsawon wannan lokaci, bayan korona ta rufe gidajen wasa tun Maris ɗin 2020 har Globe ɗin ya yi gargaɗin zai iya durƙushewa, zalunci ne a kan talakan da makokin bai ɗauke masa kuɗin haya ba. An taɓa yin haka kuwa. A watan Maris na 1603, Elizabeth ta Farko na kwance ciwon ajali, hukuma ta sa aka rufe gidajen wasan Landan, har da tsohon Globe, annoba ta biyo baya rufewar ta yi tsawo. A wancan zamani umarni ne daga sama. A 2022 an bar wa kowa zaɓi, kuma mutumin da ya tsaya layi awa goma sha don ra'ayin kansa, makokinsa ya fi na wanda aka kulle wa ko'ina don dole ya yi baƙin ciki.

Ni kaina ban shiga layin ba, kuma ba gwiwa ce ta hana ni ba. Na san tarihin 1903, yadda sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da sunan wannan gidan sarauta, da yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙare a Burmi. Ban iya ajiye wannan a ƙofa in shiga in rusuna ba. Amma ban raina hawayen kowa ba, kuma abin da na ƙara so game da Globe shi ne bai tilasta mini komai ba. Mai makoki ya sami wurin hutawa, ni na sami wasana, ba wanda ya hararo wani.

Ga namu masu niyyar zuwa, akwai abubuwan da ya kamata a sani. Ana sayar da giya a harabar, mutane kuma suna shiga da ita wurin kallo, musamman a filin tsayuwa. Wasannin soyayya ba sa rasa runguma da sumba a dandamali, don haka mai zuwa da yara ko surukai ya duba wane wasa ne tukuna. Wasan rana na ƙarfe biyu ya fi dacewa da lokutan salla a ƙarshen bazara: ka yi Azahar kafin ka shiga, ka fito ka tarar da La'asar, saɓanin na bakwai da rabi da kan ci karo da Magariba. Abinci kuwa, Borough Market na nan kusa, tafiyar 'yan mintoci, kuma ana samun masu sayar da halal in ka tambaya.

Filin buɗaɗɗen yana aiki ne daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Da sanyi ya shigo sai wasanni su koma ƙaramin ɗakin Sam Wanamaker Playhouse da aka buɗe a 2014, wanda ake haskawa da kyandir. In za ka sayi kujera, duba taswirar zama da kyau, domin ginshiƙan dandamali suna tare wa wasu kujerun gani, kuma ana rubuta hakan a jikin tikitin da ragin farashi. In da dattijo za ka je, ka nemi layin ƙarshe na benen ƙasa, ka karɓi matashi biyu, ka kuma riƙe masa rigar sanyi ko da rana ta fito, don iskar kogin tana shigowa da yamma.