Ɗaruruwan fayiloli da umarni guda: abin da na gani a readr

Aikina tattara farashin hatsi ne, kuma rahotannin suna zuwa mini daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kowace da fayil ɗinta na CSV, wato tebur da aka adana a matsayin rubutu zalla ana raba bayanansa da waƙafi, a ƙarshen wata. Shekara ɗaya kaɗai fayil 528 ke nan. Duk wanda ya taɓa zama yana buɗe irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya a Excel, yana kwafa yana mannawa, ya san wahalar ba ta tsaya ga gajiya ba. Ana tsallake wata guda ba a sani ba, ana manna Bichi sau biyu, kuma shafin Excel ba ya ɗaukar layi fiye da 1,048,576. Wannan ne ya sa na koma R, kuma sharhin nan a kan ƙunshin readr ne (ƙunshi tarin umarni ne da ake ƙara wa R), wanda yanzu shi nake dogaro da shi wajen shigo da fayilolin gaba ɗaya.

R yaren kwamfuta ne na ƙididdiga wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, fitowarsa ta 1.0.0 kuma ta zo a shekarar 2000. Kyauta ne, ba lasisin da za ka sabunta kowace shekara, kuma da zarar ka sauke shi da ƙunshe-ƙunshen da kake so, ba ka bukatar intanet ka yi aiki. Shi kuwa readr yana cikin tarin tidyverse da Hadley Wickham da abokan aikinsa ke kula da shi a kamfanin RStudio, wanda ya koma Posit a 2022.

Aikin mataki biyu ne. Da farko umarnin list.files zai zana maka sunayen duk fayilolin da ke cikin folda. Ka tabbata ka sa full.names = TRUE, in ba haka ba sunan kawai zai ba ka babu hanyar zuwa wurinsa, sai R ya ce bai ga fayil ba. Daga nan sai ka miƙa wa read_csv, umarnin readr na karanta CSV, jerin sunayen dungurungum. Tun daga readr 2.0.0 na 2021 yake karɓar fayiloli da yawa a lokaci guda, ya jera su wani ƙarƙashin wani, ya mayar maka da tebur ɗaya. Kafin lokacin sai an zagaya da umarnin lapply ko ƙunshin purrr masu maimaita aiki, a karanta kowane daban, sannan a ɗinke. Ranar da na fara gwadawa, rahoton shekara guda ya shigo kafin in ɗauke hannu daga kan kwamfuta, a kan tsohuwar laftof mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB.

Akwai ɗan zaɓi mai suna id wanda a wurina ya fi saurin muhimmanci. In ka sa shi, kowane layi zai zo da sunan fayil ɗin da ya fito. Idan ka ga buhun gero an rubuta masa farashin da hankali ba zai ɗauka ba, ba sai ka yi ta lalube ba, kana dubawa za ka ga daga wace ƙaramar hukuma da wane wata ya zo, ka kira wanda ya cike takardar. Kuma in an raɗa wa fayilolin suna bisa tsari, kamar gwarzo_2023_04, daga sunan za ka ciro wuri da wata ko da ba a rubuta su a ciki ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne taurin kansa, wanda na ji mutane da yawa suna kuka da shi. Idan fayil guda a cikin ɗaruruwan nan yana da ginshiƙi tara alhali sauran takwas ne, ko wani ya rubuta kan ginshiƙi dabam da na 'yan uwansa, read_csv ba zai ci gaba ba. Zai tsaya cak ya faɗa maka fayil na nawa ne ya saɓa. A lokacin abin yana da ban haushi, musamman in ana jiran rahoto. Amma a ce ya yi shiru ya haɗa, farashin masara ya faɗa ƙarƙashin dawa, ka fitar da matsakaici ka aika wa masu yanke shawara, wa zai gane? Alƙaluman da aka haɗa ba daidai ba kamanninsu ɗaya da na ƙwarai. Na fi son manhajar da za ta ƙi mini aiki a kan wadda za ta yi mini aikin banza da murmushi.

Wani wurin da ya burge ni shi ne lambobin waya. Lambobinmu da sifili suke farawa, kuma tsohon read.csv da ke zuwa tare da R yakan ɗauke su a matsayin adadi ya yar da sifilin. Shi readr in ya ga sifili a gaba sai ya bar abin a matsayin rubutu. Duk da haka ban yarda a bar masa hasashe ba. Layi 1,000 yake dubawa ya yanke hukuncin ko ginshiƙi na adadi ne ko na rubutu, to in wani ya rubuta "babu" a gurbin farashi can cikin layukan da bai duba ba, gurbin zai koma fanko, sai gargaɗi kawai. Ni dai ina faɗa masa nau'in kowane ginshiƙi da col_types, bayan ya gama kuma in kira umarnin problems in ga layukan da suka ƙi shiga.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. readr yana ɗaukar rubutu a tsarin UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san masu ƙugiya, don haka Ɗambatta da Ƙaraye suna shigowa lafiya, balle tun da R 4.2.0 na 2022 ya daidaita wannan a kan Windows. Matsalar tana faruwa tun daga tushe. Wanda ya adana fayil a Excel da tsohon zaɓin CSV maimakon CSV UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa sun zama alamar tambaya, kuma babu umarnin da zai dawo da su. A lissafi sai ƙaramar hukuma ɗaya ta rabu biyu. Wannan ba laifin readr ba ne, amma kai mai haɗa fayilolin kai za ka kwashi aikin, don haka gara ka nuna wa masu turowa wane zaɓi za su danna.

Inda ya gaza mini a fili shi ne fayilolin da suka sha bamban da juna sosai, misali fom ɗin da aka ƙara wa tambaya a tsakiyar shekara. A nan taurin kan nan ya zama cikas, sai in koma ƙunshin data.table na Matt Dowle. Umarninsa fread yana da sauri ƙwarai, yana gane da kansa ko waƙafi ko waƙafi mai ruwa aka raba bayanai da shi, abin da ke da amfani in fayil ya fito daga Maraɗi ko Damagaram inda kwamfutoci ke kan tsarin Faransanci. Sai rbindlist ya haɗa su, fill = TRUE ya cike guraben da babu. Amma ka kiyaye, fread yana zubar da sifilin gaba sai ka sa keepLeadingZeros = TRUE, kuma sassaucin fill yana iya rufe maka kuskuren suna ya buɗe sabon ginshiƙi ba ka lura ba.

Haka kuma readr ba ya taɓa fayilolin Excel na xlsx. Su sai ƙunshin readxl, wanda ɗaya-ɗaya yake karantawa, dole ka haɗa shi da map da list_rbind na purrr. In ka bar wani fayil a buɗe, Excel yakan ajiye ɗan fayil mai farawa da ~$ a foldar, list.files ya kwaso shi, aikin ya tsaya. Sannan jerin sunaye bin haruffa yake, wata10 zai riga wata2, shi ya sa nake rubuta 01, 02.

Komai yana shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, saboda haka in bayananka sun fi ƙarfin RAM, ka duba open_dataset na ƙunshin arrow. Ga mai ɗaruruwa ko 'yan dubban fayilolin CSV masu fasali iri ɗaya, ɗalibi mai rubuta kundi ko ma'aikacin sa ido a kan aiki, readr nake ba shi shawara ya fara da shi, tare da id da col_types tun ranar farko. Sai ya ajiye data.table a kusa saboda watan da za a canza fom.