Bangon Mahauta da Bangon Akwati a Faifan Beatles

A watan Yuni na 1966 kamfanin Capitol ya buga Yesterday and Today, faifan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles, a Amurka, da hoton da Robert Whitaker ya ɗauka a Landan a bangonsa. Mawaƙan huɗu suna sanye da fararen rigunan mahauta, suna murmushi, an ɗora musu ɗanyen nama da gaɓoɓin 'yan tsana. Masu shaguna suka yi tir da shi, kamfanin ya janye faifan.

Bango na biyu, wanda shi ma Whitaker ne ya ɗauki hotonsa, ya nuna su kewaye da buɗaɗɗen akwatin tafiya, Paul McCartney yana zaune a ciki. Ba ya tayar wa kowa da hankali, amma a ganina lami ne, alhali na farko, duk da muninsa, ya rushe kamannin yaran kirki da aka laƙaba musu. Don rage asara, an manna sabon a kan tsohon a kwafi masu yawa, shi ya sa masu tara faifai suke neman inuwar baƙar rigar da Ringo Starr, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya sa a hoton farko, a ƙarƙashin farar takardar sabon bangon, kafin su yi ciniki.