KGDB ko QEMU wajen binciken kuskure a modul ɗin kanel

Malam, ka ce modul ɗin (ƙaramar manhajar ƙari) da ka rubuta wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yana daskarar da kwamfuta da zarar ka loda shi da insmod, kuma kana so ka san ko KGDB, kayan binciken kuskure da ke cikin kanel ɗin kansa, za ka kama, ko QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka.

Akwai sharaɗin da ya hau kan hanyoyin biyu. Dole ne a harhaɗa kanel da CONFIG_DEBUG_INFO a kunne, domin bayanan DWARF, masu haɗa adireshi da sunan aiki da lambar layi, su shiga cikin vmlinux (fayil ɗin kanel) da fayil ɗin .ko (na modul), idan babu su, lambobin adireshi tsura GDB, manhajar binciken kuskure da hanyoyin biyu ke amfani da ita, zai nuna maka, babu sunan aiki, babu lambar layi. Sannan a ƙara nokaslr a umarnin tayar da kanel, tun da yake in babu shi kanel yana sauya mazauninsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta a kowace kunnawa. Shi kuwa modul ba shi da tsayayyen adireshi sai an loda shi. Galibi ana karanta adireshin a /sys/module/suna/sections/.text a miƙa wa umarnin GDB na add-symbol-file, amma naka yana mutuwa tun kafin ka kai nan, saboda haka lx-symbols, umarnin GDB da ke zuwa tare da kanel, shi ne mafita gare ka, domin yana ɗana tarko a do_init_module, aikin kanel da ke tayar da modul, ya ɗauko alamomin modul ɗin kafin aikinsa na farko ya gudana.

Da QEMU kwamfuta ɗaya ta wadatar. Zaɓin -s yana buɗe wa GDB ƙofa ta 1234, -S kuma yana tsayar da na'urar tun kafin ta fara aiki, sai ka rubuta target remote :1234 ka shiga. Idan kanel ya faɗi, a cikin taga ya faɗi, ka sake tayar da shi cikin daƙiƙoƙi. A Kaduna, inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, dogaro da batirin kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

KGDB, wanda ya shiga kanel a sigar 2.6.26 a shekarar 2008, yana buƙatar na'ura biyu da wayar siriyal a tsakaninsu, tare da kgdboc=ttyS0,115200 a umarnin tayar da kanel. Yana da jinkiri, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe: wayar USB zuwa siriyal da ake saya a kasuwa tana aiki a ɓangaren mai bincike, amma na'urar da ake bincika tana buƙatar UART na ainihi, wato ƙofar siriyal da ke jikin na'urar kanta, irin wanda ke kan filolin GPIO14 da GPIO15 a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi.

A ganina ka fara da QEMU, domin faɗuwa a lokacin lodawa yawanci daga manuni marar adireshi ko kulle da ba a saki ba take tasowa, kuma waɗannan suna bayyana sarai a can. Idan modul ɗin ya lodu lafiya a QEMU amma ya ci gaba da daskarar da na'urar gaske, to matsalar tana tsakaninsa da ƙarfen ne, wato sassan jikin na'urar, a lokacin sai ka nemo waya ka koma KGDB.