Juyawa ko girma: wanne hasken tauraro mai wutsiya ya fi nunawa?

Malam, ka tambaya: tunda dunƙulen da ke tsakiyar tauraro mai wutsiya ɗigo ne kawai a na'urar hangen nesa, wane lissafi aka fi dogaro da shi, na juyawarsa ko na girmansa? Ni dai na fi amincewa da na juyawa, nesa ba kusa ba.

Juyawa agogo da haƙuri kawai take buƙata. Dunƙulen ba mulmulalle ba ne. In ya ba mu gefensa mai faɗi haske ya ƙaru, in ya juyo da tsininsa ya ragu. Sai a yi ta ɗaukarsa hoto dare bayan dare, a ga bayan awa nawa abin ke maimaituwa. Sai dai a kula, juyi ɗaya sau biyu yake ɗaga haske, wanda bai lura ba rabin lokacin zai faɗa. Tauraro mai wutsiya 67P an auna juyawarsa kafin 2009 an samu awa 12.76, amma da kumbon Rosetta ya doshe shi a 2014 sai aka samu 12.4. Ba awon ne ya kuskure ba, iskar gas da ke feshowa daga jikinsa in ya kusanci rana ce ta ƙara masa sauri. Inda ake shan wuya shi ne wanda ke tangaɗi yana juyawa, irin tauraro mai wutsiya Halley, da aka daɗe ana gardama kan juyawarsa tsakanin kwana 2.2 da 7.4.

Girma kuwa dole sai an haɗa da zato. Ƙaramin dunƙule fari da babba baƙi suna iya aiko haske iri ɗaya. In hasken rana da yake maidowa kwata ne na abin da ka zata, to faɗinsa ninki biyu ne na lissafinka. Da kumbon Giotto ya wuce ta kusa da Halley a 1986, an tarar da shi baƙi ƙirin kamar gawayi, kashi 4 cikin 100 kawai yake maidowa, tsawonsa kimanin kilomita 15, faɗi 8. Wannan kashi 4 ɗin ake yawan arowa a ɗora wa wasu.

Ga kuma hazon ƙura da ke lulluɓe dunƙulen, wanda ke ƙara haske har a ba shi girman da ba nasa ba. Shi ya sa ake jira ya yi nisa da rana ya lafa, ko a haɗa da awon zafin da jikinsa ke fitarwa, wanda ke bambanta ƙaramin fari da babban baƙi. Don haka in ka ga an rubuta faɗin wani, fara duba ko an auna zafinsa, ko kashi 4 aka ɗora kawai.