A Saya Ko A Haɗa Da Hannu? Zaɓen Kayan Taimako Ga Ɗalibi Mai Buƙata Ta Musamman

Kafin ka ciro kuɗi, zauna kusa da yaron ka ga inda yake maƙalewa. Fensir ke suɓuce masa, ko layin rubutu ke ɓace masa? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce fiye da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar kayan taimako, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. Don haka haɗawa da hannu ba abin kunya ba ne.

Mariƙin fensir na saye roba ce da aka zuba wa siffa guda. Naka kuwa, huda ƙwallon tanis ka cusa fensir, ko ka naɗa soso ka ɗaure da roba har ya kai kaurin da hannun yaron ke so. Ni na fi son wannan, domin hannun yaro yana girma, kai kuma kana iya ƙarawa ko ragewa nan take. Allon jingina littafi ma haka: kwali mai kauri ninki uku, a manne, a ba shi gangare kamar digiri 20. Illarsa ɗaya, danshi na lalata shi. In zai riƙa yawo a jaka, na katako ya fi.

Ga yaron da ba ya magana, allon hotuna na kwali ba ya neman caji, faɗuwa ba ta fasa shi. Manhajar waya tana da murya, tana ɗaukar kalmomi da yawa. A fara da kwali tukuna, a ga hotunan da yake nunawa, sannan a san manhajar da ta dace.

Kwalin ƙwai mai gurbi 6 yana koya wa makaho ɗigo shida na Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da taɓawar yatsa, uku hagu uku dama. Amma allon rubutun da tsinkensa a saya, saboda tazarar ɗigon tana da ma'auni. Manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya kuwa, kada ka biya ko sisi: NVDA kyauta ce a kwamfuta, TalkBack na cikin wayoyin Android.

Na'urar ji, tabarau da keken guragu, waɗannan kam ba na gwaji ba ne. Kujerar da ba ta dace da jiki ba tana jawo gyambo da karkacewar baya, ƙarar da ta wuce kima tana ƙarasa kunne. Sai ƙwararre ya auna yaron kafin a saya.