Injin busarwa mai zuƙe iska: yadda muka same shi a aikin zobo da citta a Jos

Injin da muke magana a kai akwati ne na ƙarfe mara tsatsa mai kanta takwas, kowace kanta tana ɗaukar tire biyu. Ruwan zafi yana zagayawa ta cikin kantocin, famfo yana zuƙe iskar akwatin, tururin da ya tashi kuma yana ratsa kwandensa ya koma ruwa, ya taru a ƙaramin tanki. Damina ɗaya da hunturu ɗaya muka yi muna cire etanol, wato sinadarin barasa da muke jiƙa kaya da shi don tatar su, da ruwa daga tataccen zobo da na citta da injin. Akwatin kansa ya ci kuɗinsa. Geji mai auna matsin iska da kwandensa da famfon da aka haɗo shi da su ne ba su dace da tudun Jos ba.

Amfanin zuƙe iskar a fili yake. A bakin teku etanol yana tafasa a digiri 78, ruwa a 100. In aka sauke matsin akwatin zuwa milibar 175 (milibar ma'aunin matsin iska ne), etanol zai tafasa a digiri 40, ruwa kuwa sai an kai kusan milibar 73. Wannan bambancin ne ke ceton kaya. Jan launin zobo ba ya jure doguwar wuta, yana komawa ruwan ƙasa. Sinadarin jinjarol da ke cikin citta shi ma zafi yana juya shi zuwa shogawol, yajin ya canza. Da ruwan kanta a digiri 55, zobonmu yana fitowa jajir, abin da tukunyar buɗe baki ba ta taɓa ba mu ba.

Gejin ne ya fi ɓata wa mutane lokaci, don haka za mu daɗe a kansa. Littafin injin ya ce a ja allura zuwa -0.09 MPa, wato a rage milibar 900 daga matsin iskar waje. To, Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, matsin iskarta duka-duka bai wuce milibar 880 ba. Ba a cire 900 daga 880. Ko da famfon zai kwashe iskar kaf, allurar ba za ta kai inda littafin ya ce ba, domin irin wannan geji da iskar waje yake gwada ta ciki. Wanda bai san haka ba zai yi ta canza roba da ɗaure noti yana neman yoyon da babu shi. Ainihin matsi na milibar 100 a Jos yana nuna kusan -0.078 a gejin allura, a Abuja kuma kusan -0.086. Magani shi ne geji na lantarki mai auna ainihin matsi da milibar, kuma da shi ya kamata a sayar da injin tun farko. Duk alkaluman milibar na matsin akwati da ke cikin wannan sharhi na gejin lantarkin ne.

Gwajin yoyo na gaskiya ba shi da wuya: akwati fanko kuma busasshe, a ja shi zuwa milibar 60, a rufe bawul ɗin famfo, a zuba ido minti goma sha biyar. In matsin yana hawa ba tsayawa, a fara duba robar ƙofa, musamman kusurwoyinta inda busasshen zobo ke maƙalewa.

Sai kwandensa. An tsara ta ne a kan ruwan famfo na gida, kuma a nan ne etanol ke salwanta. Tururi ba ya komawa ruwa sai ya taɓa abin da ya fi shi sanyi sosai, ƙa'idar masu aiki ita ce tazarar digiri 20. A milibar 175 tururin etanol yana digiri 40, ruwa mai digiri 20 zai kama shi. Da an sauka zuwa milibar 60 kuwa, etanol a digiri 20 yake tafasa, ruwan tankin da ya sha rana ba zai kama ko ɗigo ba. Tururin sai ya wuce kai tsaye cikin famfo, ɗakin ya cika da wari. Sanyin Jos yana rufa asiri a watan Disamba da Janairu, amma ba abin dogaro ba ne, mai aiki a Abuja lokacin bazara kuma kada ma ya fara. A sa injin sanyaya ruwa da zai riƙe digiri 5. Lissafin girmansa: kilo ɗaya na etanol yana sakin kimanin kilojul 900 in ya koma ruwa, saboda haka kilo 20 cikin awa biyu yana bukatar kilowat 2.5 na sanyi. Ruwa ya fi haka nauyi, kilojul 2,400 ne kowane kilo.

Wani kuskure da littafin bai ambata ba: etanol ɗin da ya riga ya taru a tanki yana sake tafasa in aka zurfafa zuƙa alhali tankin da ɗumi. A rufe bawul, a juye kashin farko kafin a sauka ƙasa da milibar 100. Dama kashin farko ne mai ƙarfi, na ƙarshe ruwa ya fi yawa a ciki, bai kamata a haɗa su ba. A auna kowanne da ma'aunin ƙarfin etanol a digiri 20 kafin a sake jiƙa kaya da shi.

Famfon irin mai zoben ruwa ne, wato ruwan da ke juyawa a cikinsa ne ke zuƙo iskar. Muna son sa don ba ya damuwa da tururi kamar mai amfani da mai, wanda etanol ke tsinka masa man. Iyakarsa ɗumin ruwan da ke cikinsa: a digiri 15 yana kaiwa kusan milibar 33, amma ruwa mai digiri 30 da kansa yake tafasa a milibar 42. In aka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, ruwan ne ke tafasa, kuma yana cin farfelar. A sanyaya ruwan, ko a ɗan buɗe masa iska. Bawul mai hana komawa baya kuma wajibi ne, kuma namu bai zo da shi ba. Da zarar an ɗauke wuta, kafin a tada janareta akwatin zai tsotso ruwan da ke cikin famfon zuwa kan kayan.

Wajen lodi, kaurin kaya a tire kada ya wuce santimita ɗaya da rabi. Inda babu iska, galibin zafi ta ƙasan tire yake shiga, shi ya sa tiren da ya lanƙwashe yake barin tsakiya a jiƙe. A sauke matsi a hankali, milibar 400, 250, sannan 175, ana leƙawa ta gilashin ƙofa. Zobo yana kumfa, in aka yi gaggawa zai tumfaya ya shiga bututu. Alamar an kusa gamawa ita ce zafin kayan ya fara hawa yana kusantar na kanta. Citta ba ta zama gari, mai ne mai kauri, kuma in aka bar ta a zurfin zuƙa bayan etanol ya fita, ƙanshinta ne zai bi bututu.

Batun gobara ba na wasa ba ne. Tururin etanol yana kama wuta tun daga digiri 13, kuma kashi 3.3 cikin ɗari a iska ya isa ya tashi da tartsatsi ɗaya. Makunnin da ya zo da injin na gama-gari ne, mun fitar da shi waje da ɗakin. A haɗa akwati da tanki da wayar atin, a kai bututun fitar iskar famfo bayan gini, sannan a cika akwatin da naitirojin kafin a buɗe ƙofa muddin akwai sauran etanol a ciki.

Mai busar da ganyen zogale ko tumatir ba ya bukatar wannan injin, na iska mai ɗumi ya ishe shi da kuɗi kaɗan. Na masu tatar sinadari ne. Su kuma su tanadi leda mai kauri da injin liƙe ta kusa da ƙofa, domin a watan Agusta busasshen zobo yana shan danshin Jos ya dunƙule tun kafin a gama kankare tire na biyu.